Bunsuru Ya Ɗaure wa Kura Hannu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Inna!

An yi wani Bunsuru mai cika baki. Rannan Kura ta aiko masa cewa ran Laraba za ta cinye shi a hanyar rafi. Ya ruga wurin tsohon Biri, gwanin dambe, ya ce, "Baba, koya mini naushi."

Biri ya ɗauki kara ya kawo masa duka. "Goce!" Bai goce ba, ya sha a ƙeya. Washegari, "Goce!" Ya sha a hanci. Rana ta uku, "Goce!" Ya goce. Biri ya ce to karatu ya ƙare, in ya goce ya ga hanya, ya ruga gida.

Bunsuru ya ce shi fa naushi ya zo koya. Biri ya dubi kofatonsa, ya yi dariya har ya faɗo daga kan turmi. Amma ya ba shi igiyar ɗaure hannu, don kada ya koma da kunya.

Ran Laraba Kura ta tare shi a gindin tsamiya. Amma bakin Bunsuru bai mutu ba.

"Haba Yaya Kura, ni yanzu ɗan dambe ne. Ki cinye ni haka kawai, gari ya ce tsoron naushina kika ji?"

Kura ba ta son gori, ta ce a yi damben. Ya ce ai ba a shiga fage sai an ɗaure hannu, kuma ita ce babba, ita za a ɗaure wa. Ta miƙo hannu tana washe baki. Ya naɗa, ya naɗa, ya naɗa, sauran igiyar ya ƙulle a saiwar tsamiya, wai haka manyan 'yan dambe suke yi.

Ta kawo naushi, ya goce. Ta sake kawowa, ya goce. Na uku ta taho da dukkan jikinta, igiya ta ƙare, ta wuntsila, tim!

Daɗi ya kama Bunsuru, har ya ɗaga kofato zai gwada naushi ɗaya. Sai ya ga haƙoranta. Ya sauke kofaton a hankali, ya zuba da gudu, gemu na kaɗawa.

A gari ya ce naushi ɗaya ya yi mata. Biri ya sake faɗowa daga kan turmi.

To yara, in an kawo muku duka, ku goce, ku nemi hanyar gida. Wanda ya kwana da fatarsa shi ya ci damben.

Ƙurunƙus kan gemun Bunsuru!