Akushin Kanyar Iya Tabawa

Ku gyara zama. Yau shari'a na kawo muku, kuma ku ne alƙalan.

A wani ƙauye an yi wata tsohuwa da ake kira Iya Tabawa. A bakin gonar mijinta, marigayi Jatau, akwai wata ƙatuwar kanya. Duk tsawon aurensu a gindinta take sauke masa abincin gona, su ci tare, su yi ɗan faɗansu su shirya. Bayan rasuwarsa ma takan dogara sanda ta je ta zauna a wurin. Ana nan sai aikin hanya ya biyo ta gonar, katafila ta tumɓuke kanyar da hantsi.

Abin ya yi wa Iya ciwo ƙwarai, amma ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta tara 'ya'yanta uku, Nomau da Kuluwa da autansu Shekarau, ta ce, "Ba na neman komai a wurinku sai akushi ɗaya daga zuciyar kanyar nan. In ci tuwo a cikinsa kafin in bi ubanku."

Wanda bai san kanya ba zai ce wannan ai abu ne mai sauƙi. Ina! Zuciyar kanya baƙa ce, ga nauyi ga tauri, amma ba ta jure gaggawa. Da bakin gungume ya riga cikinsa bushewa, sai ka ji ta dare. Mutanen gari da suka yi wawason sassanta suka jibge a rana, ba a jima ba itatuwan duk suka tsattsage, sai murhu.

Nomau, babban, manomi ne mai amya. A ranar da kanyar ta faɗi ya kai gatari ga gindin, ya fitar da gungume mai kyau, ya raba shi ta tsakiya ya cire cibiyar, don daga nan tsagewa take farawa. Ɓari ɗaya ne ya fita lafiya. Da tsakar rana, lokacin da mai hankali ba ya taɓa zuma, ya hau ya sauke amyoyinsa kaf, ya narkar da kakin ya dalaye bakin iccen gaba da baya. Zuma ta harbe shi har idanunsa suka rufe, ta kuma yi ƙaura ta bar shi. Iya ta gan shi fuska kamar ƙwarya, ta ce, "Sannu, babba." Da bai yi haka a ranar ba, da zance ya ƙare tun a gona.

Kuluwa kuwa ita ta ɗauki jinyar iccen. Ta kai shi ɗakinta na aure, ta binne shi cikin ƙaiƙayi a lungun da rana ba ta leƙawa, iska ba ta bi. Ɗakin nan ta daina hura wuta a cikinsa, ko da sanyi ya tsananta, ita da 'ya'yanta sai dai su ƙara mayafi. Da damina ta sauya ƙaiƙayin in ya yi laima, da bazara ta juya iccen, in kakin ya ɓare ta liƙe. Matan unguwa suka sa mata suna mai goyon gungume. Mijinta ya gaji, wata rana ya jawo shi waje zai faskara. Kuluwa ta zauna daram a kansa ta ce, "Maigida, sai dai ka fara da ni." Damina ta wuce, wata ta wuce, ba ta gaji ba. Da ta yi sakaci na yini ɗaya, da wahalar Nomau ta tashi a banza.

Sai aka kai wa Shekarau, mai sana'ar fiƙe katako a birni, a kan injin nan da ke juya icce ana kafa masa ƙarfe. A lokacin Iya ta fara kwanciya ciwo, kowa yana cewa ya yi maza. Shi kuwa ya fiƙe shi sama-sama, ya bar bangon da kauri daidai ko'ina, ya mayar cikin diddigar katako ya ce sai ya ƙara hutawa. Iya ta sa aka kira shi. Ta ce, "Auta, so kake in mutu ban gani ba?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, in na ƙarasa shi yanzu, a hannunki zai dare." Ta juya masa baya. Watanni ba ta amsa gaisuwarsa, 'yan'uwansa ma suka yi fushi da shi, shi kuma kullum gabansa faɗuwa yake kada a aiko masa da mummunan labari. Da lokaci ya yi, ya wasa ƙarfensa, ya riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan, in iccen ya ɗumama ya kashe inji ya jira, don zafi ma yana tsaga kanya. Ya goge da hannu, ya shafe da man kaɗe. Da ya ji tsoron fushin uwarsa, da an kai mata ɓari biyu.

Allah ya ja kwanan Iya. Aka zuba mata tuwon dawa da miyar kuka a akushi baƙi sumul, babu ko tsagar gashi. Ta ci, ta yi hawaye, ta sa musu albarka su uku.

To, a nan gizo yake saƙar. Iya ta san tafiya ta matso. Gona za a raba, awaki za a raba, amma akushi ba ya rabuwa, kuma kowannensu ya zo mata a keɓe ya ce shi kaɗai yake so, a bar wa sauran dukiyar. Ta ɗora akushin a cinya tana shafawa. In ta tuna kumburarriyar fuskar Nomau sai ta ce nasa ne. In ta tuna jikokinta suna rawar sanyi sai ta ce na Kuluwa ne. In ta tuna yadda ta juya wa autanta baya alhali shi ne da gaskiya, sai kunya ta kama ta. Tana tsoron ta mutu ba ta faɗa ba, zumuncinsu ya lalace a kansa.

To, jama'a, ku fitar da tsohuwar nan daga ruɗu. Tsakanin Nomau da Kuluwa da Shekarau, wa ya fi cancanta ta miƙa wa akushin?