Keken da Ba Ya Hutawa

Ku gyara zama. Yau shari'a na kawo muku, kuma ba zan taya ku yanke ta ba.

A wani gari gabas da Funtuwa an yi wani mutum, Malam Gambo, wanda a ƙuruciyarsa ba a yi mahayin keke kamarsa ba. Kekensa na tsere ne, siririyar taya, kai a lanƙwashe kamar ƙahon rago, ga giya goma. Wata rana ya faɗi ya karye a kafaɗa, matarsa ta yi ta kuka har sai da ya kyautar da keken ga wani abokinsa a Gusau. Ta rasu ta bar masa 'ya'ya uku: Hansatu babba, Ɗayyabu mai gyaran keke, da Sagiru auta.

Bayan shekara ashirin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Gambo, ƙafar hagu ta mutu. A asibiti aka ce sai ana motsa ta kullum, in ba haka ba ta tafi ke nan. Gambo ya ƙi. Ya juya fuska bango, ya rage cin abinci. In an miƙa masa sanda sai ya ce, "Ku kai wa tsoho."

Hansatu ce ta lura cewa in yana kwance ƙafarsa ta dama tana zagaye a iska. Ta gane abin da yake takawa. Ta hau mota har Gusau, ta tarar abokin ya rasu, keken kuma yana garken awaki ƙarƙashin harawa. Ɗan mamacin da ya ga idonta a kai ya ce ba ya son komai sai injin markaɗenta, wanda da shi take ciyar da 'ya'yanta. Ta ba shi. Ranar da aka jingina keken a ƙofar ɗakin Gambo, da bakinsa ya nemi tuwo.

Sai dai keken bai yi masa amfani ba. In ƙafar dama ta danna feda ƙasa, ta hagu ba ta iya ƙarasa zagayen, sai keke ya tsaya. Ɗayyabu ya kwana uku yana dubansa, sannan ya kwance giyar duka, ya rage tsawon sarƙa, ya bar faifan giya ɗaya a baya ya yi masa walda da tayar. Taya da feda suka zama abu guda: in ɗaya ya juya, dole ɗayan ya juya. Ya sa maɗaurin fata a fedar hagu, domin keken ya riƙa ɗaukar matacciyar ƙafar yana zagayawa da ita. Birkin baya ya ruɓe, bai sami irinsa ba, ya bar na gaba kaɗai.

Ya ce, "Baba, wannan fa ba irin na da ba ne. Ba ya hutawa. Ko a gangara kada ka tsai da ƙafa."

Gambo ya ce, "Kai za ka koya mini keke? Ina hawa tun uwarka ba ta san sunana ba."

Sagiru kuwa aiki aka ba shi a Kaduna, ya bar aikin ya wuce shi. Wata bakwai, kullum bayan sallar asuba, yana riƙe da sirdi yana gudu a bayan mahaifinsa a filin makaranta. Ya sha zagi, ya sha faɗuwa. Wata safiya ya saki hannu, Gambo bai sani ba sai da ya zagaye filin. Kafin damina ta fita ƙafar ta farfaɗo, har yana zuwa masallaci ba mai riƙe shi.

A majalisa, gaban abokansa, Gambo ya ce, "Keken nan, bayan raina, na wanda ya tashe ni ne." Aka ce wanne a cikin 'ya'yan nasa? Ya yi dariya kawai.

Wata ranar kasuwa ya ce zai tafi a keke shi kaɗai. "Sake ni, Sagiru, ni ba jariri ba ne." Sagiru ya sake shi. Da ya kai gangaren rafi iska ta bugi fuskarsa, jikinsa ya tuna abin da ya saba tun yana saurayi, ya tsai da ƙafa don keke ya kai shi. Feda ba ta tsaya ba. Ta cilla shi sama, ƙafar hagu tana ɗaure, ya damƙi birkin da ke akwai, na gaba, ya kifa a kan dutsen kwalbati. Bai kai asibiti ba. Waɗanda suka gan shi yana gangarowa sun ce dariya yake yi.

Kowa ya ce ajali ne. 'Ya'yan ma sun faɗa, da baki. Amma ranar sadakar bakwai, da baƙi suka watse, Ɗayyabu ya miƙa hannu zai ɗauki keken.

Hansatu ta ce, "Ajiye shi. Ba don ni ba, da me za ka yi wa walda?"

Ya ce, "Haka ne, Yaya. Inna ta fitar da shi daga gidan nan da hawayenta, ke kika dawo da shi."

Sagiru ya ce, "Kai kuma ka ɗaure ƙafar tsoho a keke mai birki ɗaya."

Ɗayyabu ya juyo ya ce, "Hannun wa ke kan sirdi a safiyar ranar?"

Liman ya ce abin bai kai a kai shi gaban alƙali ba, su sasanta tsakaninsu. Shekara uku ke nan keken yana rataye a zaure, sarƙa ta yi tsatsa. Suna haɗuwa a wurin biki su gaisa kamar maƙwabta. Kowannensu yana son keken, kowannensu kuma ya sani, duk wanda ya sauke shi ya ce shi ya tashi Baba, sauran biyun za su ce shi ya kai shi gangare.

To, ku da kuka ji: wadda ta dawo da keken, da wanda ya juya shi, da wanda ya riƙe sannan ya saki, wa ya kamata ya sauke shi daga zauren nan?