Fitilar da ta Wanke Auta

Akwai wani mai gyaran talabijin, kowa Injiniya yake ce masa. Hannunsa na da kyau, wannan ba musu, amma bakinsa sai addu'a. In ya fusata, ko mahaifiyarsu Inna sai ta ja gefe.

Ya sayi wata tsohuwar mota ya ba ƙaninsa Auta yana haya da ita. Ba a jima ba motar ta fara shan mai na fitar hankali. A cika tanki da safe, kafin la'asar allurar mai ta kwanta.

"Yaya, motar nan ba lafiya," in ji Auta. "Hayaƙinta baƙi ƙirin, ko ina warin fetur."

"Rufe min baki! Zuƙe man kake yi kana sayarwa, ɓarawon banza!"

A tsakar gida ya faɗi haka, gaban Inna, gaban matar Auta da 'ya'yansa. Auta ya rantse da Allah, ya sake rantsewa. Injiniya ya fizge makullin daga hannunsa.

Inna ta ce a kai wa makanike ya duba mana. Injiniya ya ce makanike abokin Auta ne, bakinsu ɗaya.

"Da hannuna zan haɗa abin da ba ya karɓar cin hanci. Ranar kowa zai ga ƙaryarsa."

Ya kuwa duƙufa. Ya samo wata 'yar na'ura mai shinshinar hayaƙi ya ɗaura a jikin salansa, ya ja waya ta ƙarƙashin mota har zuwa dashbod, gaban direba. A nan ya jera ƙananan fitilu. Kore na nufin iska da mai sun daidaita a inji, ja na nufin mai ya fi ƙarfin iska, motar ce ke ɓarnar shi. Dalmar da yake liƙe wayoyi da ita ta ƙona masa yatsa, ya tsotse ya ci gaba yana tsaki. Shi dai kore yake jira, domin in kore ta kama, Auta ya tabbata ɓarawo.

Duk tsawon lokacin nan babu mota a hannun Auta. Dako ya koma yi a kasuwa, magana kuwa ta riga ta zaga unguwa. Har mai shagon unguwar ya daina barin sa kusa da kantar shagon.

Da aiki ya kammala, Injiniya ya tara gida kaf a ƙofar gareji, har da maƙwabta. Ya tayar da mota, ya bari inji ya yi zafi, yana harare-harare.

Sai ja ta kama.

Ya ɗan buga dashbod da tafin hannu. Ja. Ya taka totur, ya saki. Ja ɗin dai, jawur.

"Waya ce ta kwance," in ji shi, gumi na keto masa.

Ya cire kayan ya ɗaura a motar maƙwabcinsa, nan take kore ta kama. Ya mayar a tasa, ja ta dawo abinta. Da ya buɗe kafireta, inda mai da iska ke haɗuwa, ga mai nan yana ambaliya, abin da ke tsayar da shi ya maƙale tun ba yau ba.

Inna ta kalle shi kallo ɗaya, ta shige gida tana share ido. Kunya ta kama Injiniya, irin wadda bai taɓa ji ba.

Ya miƙa wa Auta makullin, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ungo. Ashe motar ce."

Auta ya kalli makullin, bai karɓa ba. Idonsa ya kaɗa.

"Yaya, ciki ɗaya muka fito. Na rantse maka da Allah gaban 'ya'yana, ka ce ƙarya nake. Yau ƙwan fitila da bai kai ƙwayar wake ba ya faɗa maka, ka yarda. To ka ba fitilar makullin, ita ta ja maka motar."

Ya kama hannun ɗansa suka wuce.

Injiniya ya gyara kafireta a ranar, kore ta kama. Motar na nan a gareji, lafiya lau, babu mai jan ta.

Darasi: Bincike kafin zargi ake yin sa, ba bayan ka zubar da mutuncin ɗan'uwanka ba. Mota tana gyaruwa a yini ɗaya, zuciyar da ka kira ɓarauniya ba lallai ta gyaru ba. Ku tura wa duk wanda bakinsa ke riga hankalinsa.