Benen Alhaji Gwadabe

Alhaji Gwadabe ya sayi wani tsohon gida a Gusau don ya zuba 'yan haya, sai ya aika aka kira masa Tanimu magini.

Ya ce, "So nake ka ɗora mini bene a kan ɗakunan nan, amma kada ka taɓa tushe. Idan ya rushe, kotu ce za ta raba mu. Idan ka ƙi, ka gama aiki a garin nan."

Tanimu ya dubi bangon, ya ga tsaga tun daga ƙasa har sama. Ya sosa ƙeya ya ce, "An gama, ranka ya daɗe. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ranar da za mu cire katakan da suka tallafe benen, za mu shimfiɗa maka darduma a ɗakin ƙasa, ka zauna ka sa albarka."

Alhaji ya zaro ido. "Ni? In ya rufto mini fa?"

"Haba Alhaji, ai kai ka ce tushen zai ɗauka. In zai ɗauka, inuwa kawai za ka sha. In kuwa ba zai ɗauka ba, waɗanne bayin Allah za mu zuba a ciki?"

Alhaji ya tuntsire da dariya. "Kai Tanimu, ba ka da dama! Je ka haƙa sabon tushe. Albarkar kuma daga gida zan aiko maka."