Shinkafar da Aka Sa wa Filo

Ga ta nan, ga ta nanku, da zafinta a rufe.

Ta zo mu ji ta, mu buɗe.

A'a, wannan ba a buɗe ta. Ku gyara zama, za ku ji dalili.

Wata tsohuwa ce a wani ƙauye, ana ce mata Inna Hansai. Duk garin babu mai hannun girki kamarta. In biki ne ita ake kira, in suna ne ita ake kira. Amma tana da wani hali guda. Ba ta iya ganin tukunya a rufe. Ko tukunyar wani gida ce, in ta zo wucewa sai ta ɗaga murfi, ta leƙa, ta ce "uhm", ta mayar.

Tana da ɗa mai suna Sallau. Shi ne ɗan fari, don haka ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "wannan yaron". Sallau ya tafi karatu can ƙasar Turkiyya da matarsa Barira. Can suka haifi 'ya mace, aka sa mata sunan Inna. Shi uban yana ce mata Mamana, ita kuwa Inna tana ce mata Takwara. Shekara biyar Inna ba ta taɓa ganin ta ba sai a hoto.

Ana nan, ana nan, sai ga Sallau ya zo gida da yarinyar, za su yi wata guda. Barira aiki ya riƙe ta can. Inna ta yi guɗa, ta yi rawa, ta yanka zakara. Aka yi tuwo miyar kuɓewa. Takwara ta dube shi ta kau da kai. Aka dama fura. Ta kau da kai. Aka yi dambu, aka yi ɗanwake, aka toya waina. Kai dai yana kauce. Hausarta ba ta nuna ba, kalma ɗaya take ta maimaitawa, tana turo baki:

"Pilaf."

To kun san bakinmu da kunnenmu. Inna ta karkata kai ta saurara, sai ta ce, "Filo? Allah sarki, gajiyar hanya ce."

Sai ta shiga ɗaki ta ɗauko filon audugar rimi. Yarinya ta ce pilaf. Sai ta ɗauko filon fata na ado, wanda ba a ba kowa. Yarinya ta ce pilaf. Sai ta aika gidan maƙwabta aka aro na soso. Yarinya ta zauna a tsakiyar filo uku ta fashe da kuka.

Sallau ya dawo daga gaishe-gaishen dangi ya tarar da su haka. Ya so ya yi dariya, ya tuna gaban wa yake, ya mayar da ita tari. Ya yi wa Inna bayani cewa abinci ne, shinkafa ce irin dahuwar mutanen can, ita Mamana ta saba ci. Daga nan ya buɗe jaka ya duba. Biskit ɗin da yarinyar ke rayuwa a kansa saura uku. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, in motar kasuwa ta zo ranar Alhamis ba ta ci komai ba, dole in mayar da ita wurin uwarta."

Inna ta miƙe tsaye. Shekara biyar tana jira, a ce kwana huɗu za a ba ta? Ta ɗaure ɗankwali ta ce ai shinkafa ce ba ƙarfe ba, a faɗa mata yadda ake yi.

Shi kuwa Sallau ci ya iya, bai san dahuwa ba. Waya kuma a garin nan ba ta kamawa sai a kan wani suri da ke bayan gari. Sai ya hau surin, ya ɗaga hannu, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya kira Barira. Tana faɗa yana maimaitawa da ƙarfi, Inna tana ƙasa tana ji.

A jiƙa shinkafa a ruwan ɗumi da ɗan gishiri. A wanke ta har ruwan ya yi garau, a tsane ta. A narkar da man shanu. A kakkarya siririyar taliya ƙanana-ƙanana, a soya ta har ta yi ja. A zuba shinkafar a cikin man, a yi ta juyawa har ta yi sheƙi.

Inna ta riƙe haɓa ta tambaya, ɗanyar shinkafa za a soya sai ka ce gyaɗa? Sallau ya ce haka aka ce.

A zuba romo mai zafi, gwangwani ɗaya da rabi ga kowane gwangwanin shinkafa. A rufe. A janye wuta. Kada a buɗe, kada a juya. Daga nan kuma sai... ƙit. Waya ta ɗauke.

Ranar Talata Inna ta hura wuta. Ta jiƙa, ta wanke, ta soya, ta zuba romo, ta rufe. Ta zauna a kujerarta. Sai hannunta ya fara ƙaiƙayi. Ta ce ba buɗewa za ta yi ba, leƙawa kawai. Sai ta leƙa. Ta ga ruwan ya yi mata kaɗan, ta ce mutanen can ƙila rijiya ta yi musu nisa, ta ƙara moɗa guda. Ta sake leƙawa, ta ƙara rabi. Tunda an buɗe kuma, ai sai a ɗan juya. Ta ɗauko muciya. Kafin ta farga hannu ya koma aikin da ya sani. Ta tuƙa tuwon shinkafa mai taliya.

Aka kai wa Takwara. Ta sa yatsa ta danna, yatsa ya nutse. Ta ce, "Lapa."

Inna ta washe baki ta ce, "Lafiya lau, Takwara. Kun ji ta fara gaisuwa."

Sallau ya sosa ƙeya ya ce da yaren can cewa ta yi ya caɓe. Biskit saura biyu.

Ranar Laraba Inna ta sake. Wannan karon da ta rufe tukunya sai ta juya mata baya, ta zauna a kan hannuwanta. Amma ƙamshin man shanu ya riga ya haura katanga.

Sai ga Dela maƙwabciya, mai magana ta hanci. Ta shigo tana cewa garwashi ta zo nema, alhali ko kasko ba ta riƙo ba. Ido yana kan Inna, hannu yana kan murfi. Ta ɗaga, tururi ya yi fuuu. Ta ce, "Ĩhĩm, da sauranta."

Sai ga Uwani, wadda ba ta buɗe baki sai ta fara da "ni dai ba ruwana". Ta ce ita dai ba ruwanta, amma tun da aka haife ta ba ta taɓa jin an bar tukunya ba mai duba lafiyarta ba. Ta ɗaga, tururi ya yi fuuu. Ta ce ita dai ba ruwanta, amma wutar nan ta yi sanyi. Ta tura itace biyu.

Inna ta waiwayo ta ce, baƙi sun gani, mai tukunya ce za a hana? Ita ma ta ɗaga. Sauran tururin ya yi sallama ya tafi.

Da aka sauke, ƙasa ta ƙone, sama ba ta dahu ba. Takwara ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta tauna, aka ji ƙaras. Ta ture kwano. Biskit saura ɗaya.

Ranar Alhamis da hantsi Sallau ya fara haɗa kaya. Inna ta ga 'yan takalman yarinyar sun shiga jaka. Ta karɓi wayar, ta sa ya danna mata, ta tattare zani, ta hau surin nan da kanta. Tsohuwa a kan suri, ƙafa ɗaya a sama. Awaki ma sun daina kiwo suna kallo.

Barira ta fara jero gaisuwa, Inna ta ce a bar gaisuwa sai ta sauko, a faɗa mata ƙarshen magana. Sai murya ta riƙa zuwa guntu-guntu:

"Inna, in ruwan ya tsotse a sau... a sa ƙyalle mai tsab... a bar ta ta hu... ta hu... ta huta."

Ƙit.

Inna ta sauko a hankali tana jujjuya kalmar. Huta. Shinkafa ta huta. Tana isa ƙofar gida sai ta tsaya cik ta tafa hannu.

"Ashe ni ce da gaskiya tun farko. Wanda zai huta me ake ba shi? Shi ya sa ake ce mata filo. Wannan yaron ya je ya yi ta karatu bai gane komai ba."

Ta hura wuta. Ta jiƙa, ta wanke har ruwa ya yi garau, ta tsane. Man shanu ya narke, taliya ta yi ja, shinkafa ta shiga tana tas-tas har ta yi sheƙi. Ta auna romo, ɗaya da rabi, ba ta ƙara ko cokali ba. Ta rufe, ta janye itace ta bar garwashi.

Hannu ya fara ƙaiƙayi. Inna ta daka masa harara. Ta ce masa wannan shinkafa baƙuwa ce daga nesa, kuma yanzu wanka take yi, wane mara kunya ne ke leƙa baƙuwa tana wanka? Hannu ya koma cinya. Sai ta kasa kunne a maimakon ido. Tukunya tana ɓal-ɓal-ɓal. Can ta koma fut, fut. Can ta yi tsit.

Inna ta sauke ta, ta kai ta inuwa. Ta ɗauko sabon farin ƙyalle daga ƙasan akwati. Ta runtse ido don kada ta ga baƙuwa, ta ɗaga murfi, ta shimfiɗa ƙyallen a bakin tukunya, ta mayar da murfi da sauri. Sai ta ɗauko filon audugar rimi ta ɗora a kai, ta daddanna shi. Ta zauna a gefe da muciya a hannu.

Sai ga Dela ta zo neman garwashi. Inna ta ɗaga muciya ta yi raɗa, "Sannu a hankali, barci take yi." Dela ta dubi filo, ta dubi Inna, ta zauna a kan turmi, ko hancin bai yi ƙara ba.

Sai ga Uwani. Ta buɗe baki ta ce, "Ni dai ba..." Muciya ta motsa. Ta haɗiye ruwan nata.

Sai ga Sallau da jaka a kafaɗa. Ya ga tukunya da filo, ya ga mata uku sun kewaye ta kamar masu jinya. A waje mota ta fara fam-fam. Ya durƙusa ya ce cikin ladabi, wannan filon fa ba shi ake nufi ba, kuma direba ba ya jira. Inna ta ce direba ya jira ko kada ya jira, ita ba ta tashin baƙo daga barci.

Mota ta sake fam-fam.

Can sai ga Takwara ta fito daga ɗaki, hanci a sama. Ta bi ƙamshi har gaban tukunya. Ta ga bakin farin ƙyalle ya leƙo ta ƙarƙashin murfi, daidai yadda uwarta ke yi. Sai ta juya ta dubi ubanta, ta ɗora yatsa a leɓe ta ce, "Shshsh." Daga nan ta taka, ta haye cinyar Inna, ta zauna. Tun da ta zo garin ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba.

Inna ba ta motsa ba, ko numfashi a hankali take yi. Ta fara jijjiga ƙafa tana waƙa ƙasa-ƙasa, ba a san wa take yi wa ba, tukunya ko jika:

"Yi barci 'yar nesa,
Ga filo ga mayafi,
In kin tashi ki ware,
Kada ki riƙe 'yar'uwarki."

Mota ta yi fam-fam na uku. Direba ya gaji, ya shigo da sallama zai yi faɗa. Mutum biyar suka ce masa shshsh. Ya cire hula ya tsuguna.

Da aka yi kamar tsawon dakan fura, Takwara ta taɓa hannun Inna ta nuna filo. Inna ta ɗauke shi. Ta ɗaga murfi, ta yaye ƙyalle, ya jiƙe sharkaf da gumin da ya shanye. Ta sa cokali ta ɗaga shinkafar a hankali. Sai ga ta tana zubowa wara-wara, kowace ƙwaya da kanta, fara sol tana sheƙi, jar taliya ta ratsa ta.

Aka zuba a ɗan kwano. Takwara ta ɗiba ta kai baki. Kowa ya bi cokalin da ido. Ta tauna. Ta haɗiye. Ta sake ɗiba. Ba ta ɗago ba sai da ta ga gindin kwano. Sai ta miƙa wa Inna shi, ta faɗi kalmar da ta ji yaran gidan suna faɗa kwana huɗu:

"Ƙari."

Inna ta rangaɗa guɗar da sai da kaji suka watse. Dela ta ci, Uwani ta ce ita dai ba ruwanta amma a ƙara mata. Direba ya ci kwano biyu, ya suɗe hannu, ya tafi da motarsa ba Sallau ba Takwara. Biskit ɗin nan guda da ya rage, akuya ce ta cinye shi.

Wata guda ya zama wata biyu. Har Barira ta samu hutu ta biyo su. Ranar da ta zo ta ce bari ta hutar da Inna ta dafa da kanta. Ta yi komai daidai, ta sa ƙyalle, ta rufe. Matan gari suka dubi tukunya, suka dubi juna. Dela ta ja Uwani gefe ta ce ta hanci, "Allah sarki, ta zauna can shekara da shekaru ba ta iya ba. Ko filo ba ta sa ba."

Takwara da kanta ta shiga ɗaki ta jawo shi ta kawo.

Ƙurunƙus kan kusu, kusun da ya leƙa tukunya tururi ya ƙone masa gashin baki. Abin da aka ce a bar shi ya huta, a bar shi, ba duk rufaffen abu ne ke neman hannunka ba. Kuma in kaka ta yi wa magana bahaguwar fahimta, kada ku yi saurin dariya, ku jira a sauke tukunya tukuna.