Hitar da Ta Ƙi Ba Mai Jego Ruwan Zafi

Akwai wani ɗalibi ɗan Gusau mai suna Imrana, yana karatun Shari'a a Alƙahira, yana zaune da matarsa Lailatu a wani tsohon bene a unguwar Abbasiya. Mutumin kirki ne, ba shi da rowa, ba shi da faɗa. Ciwonsa ɗaya: bai iya cewa "ban sani ba". Ko agogo ya tsaya sai ya kwance shi, ya kuma yi maka bayanin abin da ya same shi.

A tsakiyar sanyin Masar Allah ya sauki Lailatu lafiya, ta haifi 'ya mace. Mahaifiyarta, Inna Dije, ta taho takanas daga gida don ta yi mata wankan jego. Tsohuwa ce mai tsayawa kan al'ada, ruwan da bai tashi da tururi ba ba ta kiransa ruwan wanka.

A banɗakinsu akwai tsohuwar hitar ruwa mai aiki da gas, wadda Misrawa ke kira sakhan. A samanta akwai bututu mai tsatsa da ya bi ta wani rami a bango ya fita waje. Ta gefen ramin nan iska mai sanyi ke shigowa.

Inna Dije ta ce, "Wannan iskar za ta shiga jikin mai jego. A san yadda za a yi da ita."

Imrana ya hau kujera, ya cire bututun, ya cusa tsumma a ramin, ya liƙe 'yar tagar banɗakin da leda da salatif. Ya sauko yana kaɗe hannu. A ganinsa bututun aikin banza ne, tunda gas ba itace ba ne balle ya yi hayaƙi.

Washegari hita ta fara gardama. Za ta kama, ruwa ya ɗan yi ɗumi, sai a ji ƙas, wuta ta mutu. Inna Dije ta koma dafa ruwa a tukwane tana jido shi daga kicin, ga ciwon ƙugu, ga ruwan yana hucewa kafin bokiti ya cika. Ganin wahalar nan ta surukarsa ya fi zagi yi wa Imrana ciwo.

Ya canja wa hitar batir. Ya kwance matatar ruwa ya wanke. Ya sauka ƙasa ya duba injin da ke turo ruwa sama, ya tarar lafiya lau yake. Ya kalli bidiyo a waya har idonsa ya yi ja. Hita dai tana nan kan bakanta.

Lailatu ta ce, "Malam, ni fa na lura tun ranar da ka toshe ramin nan ta fara haka."

Ya yi dariya. "Ke ji da jegonki. Mene ne haɗin rami da wuta?"

Da yamma abokinsa Ukasha, wanda ya riga shi daɗewa a Masar, ya zo barka. Ya ji labari, ya ce, "Imrana, ma'alish, ka yi haƙuri, amma sakhan ba abin wasa ba ne a ƙasar nan. Duk shekara da sanyi ana jin labarin mutanen da ya halaka. Akwai mai gyara a bayan layinmu, bari in kira shi yanzu."

"A gaban surukata zan kawo ƙato ya gyara min banɗaki? Khalas, magana ta ƙare, na kusa gano ta."

Ya kuwa gano wani abu. Da ya buɗe murfin, sai ya ga wani ɗan ƙarfe kamar maɓallin riga a can sama, wayoyi biyu na fita daga jikinsa. Ya lura duk sanda wurin ya yi zafi, shi ke kashe wutar. Maimakon ya tambayi kansa me ya sa aka sa shi a wurin, sai ya zare wayoyin ya murɗe su wuri guda.

Hita ta kama, ba ta ƙara mutuwa ba. Ruwa ya fito da tururi. Imrana ya fito yana washe baki, har da aika wa Ukasha saƙon murya: "Tamam, komai ya yi daidai, ya shaikh! Ka ce wa mai gyaranka ya huta."

Inna Dije ta taɓa ruwan ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." Wallahi wannan addu'ar ce ta fi tsaya min a rai cikin labarin nan.

Da safe suka shiga wanka, uwa da 'ya, suka ja ƙofa suka sa sakata. Imrana yana falo da jaririya a kafaɗa yana bitar karatu. Yana jin zubar ruwa, yana jin muryar Inna tana yi wa Lailatu faɗan ta daina noƙewa. Can sai muryar ta ɗauke, ruwa kawai ke zuba.

Jaririya ta fara kuka. Ya jira, don kunya ba ta barin mutum ya buga wa surukarsa ƙofar banɗaki. Ya yi gyaran murya. Ya kira sunan Lailatu a hankali. Sai da ya ga ruwa yana malalowa ta ƙarƙashin ƙofa sannan ya ajiye yarinyar ya banke ƙofar da kafaɗa.

Lailatu tana kwance kusa da ƙofa. Inna Dije tana can ciki, ƙarƙashin hitar, ganyen wanka yana hannunta. Shi kansa da ya shiga sai da kansa ya sara. Ya jawo su waje yana ihu, maƙwabta Misrawa suka fito suka taya shi sauko da su.

A asibiti likita ya yi masa bayani. Gas yana fitar da guba idan yana ci, ba a ganinta, ba a jin warinta. Bututun nan shi ke fitar da ita waje. Ɗan ƙarfen da ya cire kuwa aikinsa ke nan, ya kashe wuta idan gubar ta rasa hanyar fita. Hitar ba ta lalace ba, tsare su take yi.

An ceto Lailatu. Inna Dije kuwa kafin a iso da ita rai ya yi halinsa.

Bayan azahar Lailatu ta buɗe ido. Ta ga Imrana tsaye a gefen gado riƙe da jaririya, Ukasha na bayansa kansa a sunkuye. Ta motsa baki da ƙyar.

"Malam, ina Inna? Ka ce mata ta zauna ta huta, ƙugunta na ciwo."

Imrana, mutumin da bai taɓa rasa amsa ba, ya ƙanƙame jaririyar ya kau da ido. Ta dubi fuskarsa, ta dubi Ukasha, sai ta juya kai wajen bango.

Darasi: Idan abu ya ƙi yi maka aiki, ka nemi dalili kafin ka tilasta shi, kuma faɗin "ban sani ba, a kira wanda ya sani" ba ya rage wa kowa daraja. Kada ka toshe bututun hitar gas ko tagar banɗaki saboda sanyi, kada ka cire abin da aka sa don kariya. Ku tura wa 'yan'uwanmu da ke zaune a ƙasashen sanyi, musamman gidan da ake jego.