Miso Biyu da Hancin Beyar

Shinpei Kuwabara mutum ne da ba a gaya masa abu ya ce to. In ka ce masa ruwan nan da zafi, sai ya tsoma yatsa. Ba mugu ba ne, kuma ba ya raina mutane. Son sani ne kawai ya yi masa katutu. Sana'arsa haɗa miso, daddawar waken soya da ba a miya sai da ita, kuma a ɗan garinsu da ke gindin duwatsun tsibirin Hokkaido kowa a shagonsa yake saye. Iri biyu yake yi: fari mai zaƙi-zaƙi, da ja mai gishiri wanda ke daɗewa a ganga. Masu saye sun rabu biyu a kan wanda ya fi. Abin ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya, don bai taɓa samun alƙalin da ya yarda da hancinsa ba.

Matarsa Hatsue ma tana da nata son sanin, amma nata na ido ne. Kowace shekara in ƙanƙara ta narke, takan goya jaka ta hau duwatsu, ta kafa tanti a bakin wani kwari, ta zauna da madubin hangen nesa tana kallon wata macen beyar mai farin gashi a wuya. Ta san ta tun tana ƙarama tana bin uwarta, kuma ita ta sa mata suna Farin Wuya. Son dabbar nan take yi har cikin ranta. Bana so take ta gano ko Farin Wuya ta haihu, shi kuwa Shinpei ya bar wa 'yarsu Chie shago ya ce ƙafarsa ƙafar matarsa.

A gindin hanya malamin daji, wani saurayi mai suna Nonomura, ya ba su aron tulun roba mai tauri da murfin murɗawa.

"Duk abin da ke da ƙamshi a nan ciki zai kwana," in ji shi. "Abinci, sabulu, man goge baki, har takardar alewa."

"Har man goge baki?" in ji Shinpei. "Ita beyar ɗin haƙora take gogewa?"

"Baba, ba ruwanta da haƙora, ƙamshi take bi."

"To don me ba za a ɗaure tulun a bishiya ba?"

"In ka sa masa igiya ai ka yi mata mariƙi ke nan, ta ɗauke abinta. A ƙasa za ka ajiye shi, nesa da tanti, ta inda iska ke tafiya, kuma ba kusa da rafi ko gangare ba. Ta zo ta mirgina, ta gaji, ta ƙara gaba."

"Daga ina take jiyo ƙamshin?"

"Daga bayan wancan dutsen. In ana maganar hanci, kare ma yaro ne a gabanta. Duk tsibirin nan babu mai irin hancinta."

Hatsue ta gyara jakarta ta ce, "Malam Nonomura, in ka biye wa Baban Chie a nan za mu kwana."

Nonomura ya yi dariya, sannan ya ɗaure fuska. "Abu ɗaya dai, Baba. Kada ta ɗanɗana ko ƙwayar shinkafa. Beyar ɗin da ta gane akwai daɗi a wurin mutane ba ta ƙara haƙura da ganye da tururuwa. Ƙarshenta bindiga."

Shinpei ya gyaɗa kai, amma maganar hancin nan kaɗai ta zauna masa.

Da la'asar suka kai kwarin. Ba su daɗe da zama ba Hatsue ta damƙi hannunsa. Can a ƙetare ga Farin Wuya tana tonon ƙasa, ga ɗan ƙaramin abu baƙi ƙirin yana hawa bayanta yana zamowa. Hatsue ta yi ta dariya tana share hawaye. Shinpei ya karɓi madubin ya shiga jero tambayoyi: me take tonowa, don me take ɗaga kai sama, yaushe za ta yaye shi. Hatsue ta amsa abin da ta sani, sauran ta ce masa ya zuba ido kawai.

Suka dafa shinkafa da miyar miso nesa da tanti, suka ci a can, suka tattara komai suka sa a tulu. Kafin duhu ya yi Shinpei ya ce shi zai kai tulun wurin kwanansa. Hatsue ta ji daɗi, ta ɗauka ya fara koyon zaman daji.

Da ya isa wurin sai ya tsaya yana kallon murfin. Ga miso fari, ga ja, ga kuma alƙalin da babu irinsa yana yawo a ƙetaren kwari. "Lakace ɗaya ne fa," ya ce a ransa. "Wa zai sani?" Ya buɗe, ya lakato farin ya shafa a kan wani dutse, ya lakato jan ya shafa a na kusa da shi. Ya rufe tulun gam, ya wanke hannu a rafi, ya koma.

Gari na wayewa ya riga matarsa fita. Ya tarar an mirgina tulun gefe amma bai buɗu ba. A cikin laka ga sawun da ya fi tafin hannunsa faɗi, ga ƙanana a gefensa. Duwatsun nan biyu kuwa an lashe su tas, har ƙyalli suke yi. Haushi ya kama shi, don babu yadda zai gane wanda ta fara lasa. Ya dawo da tulun yana tunanin baɗi zai raba duwatsun nesa da juna, kuma bai ce wa Hatsue uffan ba.

Ba a jima da saukowarsu ba labari ya fara isowa gari. Beyar ta yaga tantin wasu ɗalibai a kwarin nan tana neman jakarsu. Bayan haka ta bi wani mai kamun kifi har sai da ya jefar da abincinsa. Daga nan ta ture wata mata ta karya mata hannu. Aka rufe hanyar dutsen. Duk lokacin da mai saye ya kawo zancen a shago, sai Shinpei ya duƙa yana goge gangar da ba ta da datti.

Wata rana da hantsi Nonomura ya shigo shagon, hularsa a hannu. Hatsue na kallonsa ta ajiye ludayin da take riƙe da shi.

"Mama, na ce gara ki ji daga bakina. Jiya maharba suka harbe ta."

"Ɗan fa?"

"Ya gudu. Ana nema, amma da wuya ya kai sanyi shi kaɗai." Ya juya hular. "Abin da ya ɗaure min kai, shekara da shekaru tana wuce tantuna ko waige ba ta yi. Dole wani ya ba ta wani abu."

Nonomura ya fita. Hatsue ta juyo ta dubi mijinta. Ta zauna da shi tun suna da ƙuruciya, ta san yadda fuskarsa take in ya yi wani abu.

"Baban Chie, me ka gwada?"

Ya faɗa mata duka, bai rage komai ba. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba, abin da ya fi masa ciwo ke nan.

"To," ta ce a hankali, "wanne ta zaɓa?"

"Duka ta lashe," in ji shi. "Ban ma sani ba."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, son sani abu ne mai kyau, amma ba kowace tambaya ce ake neman amsarta da hannu ba. Hatsue ta yi shekaru tana kallo daga nesa, ta san abu da yawa ba ta cutar da kowa ba. Mijinta ya gwada sau ɗaya, rai ya salwanta, amsar ma bai samu ba. In ka kwana a dajin da dabbobi suke, rufe abincinka duka, kada ka bar ko lakace. Kuma in masu sani suka kafa doka, yi tambaya son ranka, amma kafin ka gwada karya ta, duba wanda abin zai faɗa wa, don sau da yawa ba kai ba ne.